Wa zai riƙe mana ɗakunan karatu? Darasi daga Dandaji



A tsakanin 2024 da 2025 an ɗauki matakai uku a Nijar da aka yi ta muhawara a kansu ta fuskar siyasa, amma ba a cika tsayawa an duba abin da suke nufi ga yaron da ke neman littafin da zai karanta ba. Na farko, cibiyar al'adu ta haɗin gwiwar Faransa da Nijar da ke Yamai, wadda aka fi sani da CCFN, ta daina zama ta ƙasashen biyu, aka cire mata sunan Jean Rouch aka sa mata na Mustafa Alasan, ɗan ƙasa da ya yi fice a harkar fim. Na biyu, a watan Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wato OIF, ƙungiyar da a nan Yamai aka aza tubalinta ranar 20 ga Maris 1970. Na uku, a ƙarshen watan nan na Maris, sabon kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki.

Kowa da yadda yake kallon waɗannan matakai, kuma ba auna su ya kawo mu ba. Abin da ya shafe mu shi ne nauyin da suka ɗora mana. Shekara da shekaru, ɗakunan karatu na jama'a da aka fi dogara da su a ƙasar nan da hannun baƙi suka tsaya: na CCFN a Yamai da Damagaram, da ƙananan cibiyoyin karatu da raya al'adu da ake kira CLAC, waɗanda ƙungiyar masu Faransanci ta taimaka aka buɗe a wasu garuruwa. Yawancin littattafan daga waje suke zuwa, kuma da Faransanci. Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara. Tun da mun ce za mu tsaya da ƙafafunmu, dole mu tambayi kanmu: wa zai gyara ɗakunan karatun da suka tsufa, wa zai cika su, kuma wane irin gyara ne zai sa su amfani mutanen da ke kewaye da su?

Amsar da ta fi kusa da mu tana wani ƙauyen Hausawa na jahar Tawa, Dandaji. Kafin mu isa can, mu fara duba girman buƙatar.

Girman buƙata

Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. A cikin manya, ƙididdigar hukumomin duniya na nuna cewa waɗanda suka iya karatu da rubutu ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, kuma mata ne suka fi yawa cikin waɗanda aka bari a baya. Wutar lantarki kuwa kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke samunta, a karkara abin ya fi haka muni. In muka haɗa waɗannan alƙaluma, hoton da ke fitowa duk mun san shi: ɗalibin da ke shirin jarrabawar BEPC ko BAC, gidansu cike da ƙanne, babu tebur, babu fitila, littafin lissafi ɗaya tilo yana yawo tsakanin abokai. A birane mun saba ganin irinsu da dare ƙarƙashin fitilun titi, suna kai da kawowa da takarda a hannu. Ita kuwa ɗaliba ko wannan damar ba ta da ita, domin babu uban da zai bar ƴarsa a bakin titi bayan lisha.

Ga irin waɗannan yara, ɗakin karatu buƙata ce ta kullum kamar rijiya. Sai dai da yawa daga cikin ɗakunan da muke da su ba su yi musu tanadi ba. Wani rufinsa na yoyo, gara ta cinye ƙasan kantoci. Wani ana buɗe shi lokacin da ɗalibi ke aji, a rufe shi lokacin da ya taso. Wani cike yake da littattafan da aka yi kyautarsu daga Turai bayan an gama da su a can, babu mai maganar gero ko ciwon dabbobi ko rabon gado. Wani kuma yana cikin harabar ofis mai ƙofa da mai gadi, inda manomi ko matar aure ba za su taɓa jin cewa har da su aka gina shi ba. In kuɗin gyara ya samu, sai a yi fenti, a sauya kwano, a yi bikin buɗewa, a ɗauki hoto, a watse. Bayan shekara biyu ƙura ta koma inda take.

Abin da aka yi a Dandaji

Dandaji gari ne mai mutane wajen 3,000, mafi yawansu matasa, yana da kwalejin da ke karɓar yara daga ƙauyukan kewaye. Tsohon babban masallacin garin ginin ƙasa ne, aikin Alhaji Falke Barmu. Shi ne maginin da ya gina masallacin Yama, shi ma a jahar Tawa, wanda aka fara a 1962, ya kuma ci lambar yabo ta Aga Khan ta gine-gine a 1986. Da jama'a suka ƙaru, masallacin na Dandaji ya yi musu kaɗan, ga shi kuma ya fara lalacewa, har aka kai ga maganar a rushe shi a yi sabo.

A nan ne masu zanen gine-gine biyu suka shigo: Maryam Isufu Kamara, ƴar Nijar da ta kafa ofishin zane a Yamai ta sa masa suna Masomi, da abokiyar aikinta Yasaman Isma'ili, ƴar ƙasar Iran. Shawarar da aka tsaya a kai ita ce a bar tsohon ginin a tsaye, a gyara shi, a mai da shi ɗakin karatu da cibiyar jama'a, sannan a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 yana kallonsa a fili ɗaya. An kammala aikin a 2018. Aka sa wa wurin suna Hikima, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza, inda a zamanin halifofin Abbasiyawa, musamman Ma'amun a ƙarni na 9, malamai suka tara littattafai suka fassara ilimin likitanci da lissafi da taurari zuwa Larabci.

Yadda aka yi aikin ya cancanci a tsaya a kansa. An gayyato maginan da suka yi aikin tsohon masallacin tun farko suka shiga gyaransa, domin su suka san sirrin bangonsa da bakan gizonsa, su ma kuma suka koyi sababbin dabarun ƙarfafa ƙasa don ta jure ruwa. A cikin ginin an shigar da kantoci da wuraren zama na mai karatu shi kaɗai da na masu karatu tare, har da rabin bene, ba tare da an ɓata siffarsa ta asali ba. An ƙara ɗakuna na darussan yaƙi da jahilci da koyon lissafin kasuwanci da tarurrukan sana'a. Sabon masallacin an gina shi da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, ƙasar da aka haƙo a yankin. Kaurin bango da hanyoyin iska suna rage zafi ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba, abin da duk wanda ya san bazarar Adar, inda zafi ke haura digiri 40, zai gane darajarsa. An dasa itatuwa a filin, aka yi tankin ƙarƙashin ƙasa mai tara ruwan damina don shayar da su.

Aikin ya ci lambar zinariya ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a gasar gidauniyar LafargeHolcim a 2017, da ta azurfa a matakin duniya a 2018. Abin lura, gidauniyar wani babban kamfanin siminti ce ta karrama ginin ƙasa, alhali mu a nan da yawanmu kallon alamar talauci muke yi masa.

Abin da ya sa tsarin ya dace

Lambobin yabo ba su ne abin koyi ba. Abin koyi na farko shi ne an tambayi masu wurin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗakunan yaƙi da jahilci da na lissafin kasuwanci sun samo asali ne daga shigar ƙungiyoyin matan garin cikin shawara. Da a ofis aka zauna aka zana komai, da an kawo zaure mai kantoci kawai, an manta cewa mafi yawan manyan garin buƙatarsu ta farko ita ce su iya haɗa baƙi. Ɗakin karatu a gari irin namu dole ya yi wa wanda bai iya karatu ba tukuna hidima, kamar yadda yake yi wa ɗan kwaleji.

Na biyu shi ne wurin da aka ajiye shi. A garuruwanmu babu ginin da ake taka wa sau biyar a yini sai masallaci. Wanda ya fito sallar la'asar yana ganin ƙofar ɗakin karatu a buɗe, uba ya san inda ɗansa yake, uwa ba ta fargabar barin ƴarta ta je. Amanar da jama'a suka ba masallaci tana shafar maƙwabcinsa. Haka kuma wannan maƙwabtaka tana gyara wani tunani da ya daɗe yana cutar da mu, na raba ilimi gida biyu, a ce wannan na malamai ne wancan na ƴan boko, kowa yana hararar ɗan'uwansa.

Na uku, an yi gini da abin da mutanen gari za su iya gyarawa da hannunsu. In bangon ƙasa ya tsage, maginin garin ya san maganinsa. In gilashi ko na'urar da aka shigo da ita daga waje ta lalace, sai a jira ɗan kwangila daga Yamai, kuma sau da yawa jiran ba ya ƙarewa. Amma kada mu ruɗi kanmu, ginin ƙasa yana da sharaɗi, shi ne yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina. A watan Satumban 2024 mamakon ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19. Damina tana ƙara zuwa da ƙarfi a shekarun nan, don haka duk garin da ya zaɓi ƙasa ya zaɓe ta tare da alkawarin kula da ita.

Tambayar da masallata za su yi

Mun san mai karatu zai ce: shin ya halatta a mai da masallaci wani abu dabam? Tambaya ce mai nauyi, kuma bai kamata a tsallake ta don ana ɗokin sabon abu ba. Masallaci wakafi ne, wanda ya ba da filinsa ya fitar da shi daga mallakarsa saboda Allah. Malamai sun yi saɓani kan sauya abin da aka yi wakafinsa. Malikiyya, mazhabar da mafi yawanmu ke bi, suna da tsanani wajen sayar da hubusi ko juya shi daga abin da aka ajiye shi dominsa. Hanbaliyya sun sassauta idan maslaha ta bayyana, suna kafa hujja da abin da aka ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya sa an matsar da masallacin Kufa, tsohon wurin ya zama kasuwar masu dabino.

Wannan shafi ba wurin yanke fatawa ba ne. Abin da muke kira gare shi shi ne duk garin da ke da irin wannan niyya ya fara zama da malamansa kafin ya kira magini. Akwai abubuwan da dole a warware tun farko. Shin tsohon ginin yana nan da hukuncin masallaci? In yana nan, yaya za a yi da mace mai uzuri da ke son shiga ta yi karatu, ko maƙwabcin da ba Musulmi ba, ko littafin kimiyya mai hotuna? In ba a amsa waɗannan da wuri ba, su ne za su zama rigima daga baya, har a rufe wurin.

Kuma ba sai an taɓa tsohon masallaci ba kafin a bi wannan tafarki. Ɗaki biyu a gefen haraba, ko tsohon ɗakin karatun hukumar gari da kwamitin masallaci zai ɗauki nauyin rabin hidimarsa, duk sun wadatar. Haɗa masallaci da littattafai tsohuwar al'adar Musulmi ce. Masallacin Ƙarawiyyin na birnin Fas a Maroko an kafa shi a 859, Sarki Abu Inan ya yi masa ɗakin karatu a 1349. Da danshi ya fara cin ginin, daga 2012 aka shiga gyaransa ƙarƙashin jagorancin wata ƴar garin mai zanen gine-gine, Aziza Shawuni, aka yi masa magudanun ruwa da wurin gyaran tsofaffin kundaye. Abin da aka kula da shi shekara ɗari shida da ɗoriya shi ne ya kai ga zamaninmu.

Bayan an gama gini

Gini shi ne sashe mafi sauƙi, domin ana ganinsa, kuma masu hannu da shuni suna son sa kuɗi a abin da ake gani. Abin da ke raya ɗakin karatu ko ya kashe shi yana zuwa ne bayan magina sun kwashe kayansu.

Farko littattafai, da harshen da aka rubuta su. An ce Hausa ce harshen ƙasa, to ina littattafan? Ɗalibi har yanzu da Faransanci zai rubuta jarrabawa, saboda haka littattafan manhaja na lissafi da kimiyya da tarihi, kwafi da yawa na kowanne, su ne kan gaba. Bayan su sai a nemi abin da aka buga da harsunan gida a nan Nijar, da abin da maɗaba'un Zariya da Kano suka daɗe suna fitarwa, tun daga Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam har zuwa na marubutan yau. A sa fassarar Alƙur'ani da littattafan fiƙihu da almajirai ke karantawa a zaure, irin su Ahalari da Ishmawi da Risala. A sa na ajami, domin akwai dattawa da mata masu yawa da ake lissafa su cikin marasa karatu alhali da ajami suke rubuta bashi da wasiƙa. A garin da ake jin Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci ko Buzanci, kanta ta nuna haka. Ɗaga Hausa bai kamata ya zama tauye wani ba.

A nan akwai haɗarin da ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kansa. Ɗakin karatun da ke jikin masallaci yana iya zama na ƙungiya ɗaya, a cika shi da littattafan ɓangare ɗaya, a hana na sauran. In haka ta faru ya tashi daga na jama'a, rabin gari zai ƙaurace masa. Maganin shi ne kwamitin zaɓen littattafai ya haɗa limami da malamin lakwal da wakiliyar mata da wakilin ɗalibai, a rubuta ƙa'ida kowa ya sani.

Sai haske da lokaci. Farantin sola kaɗan da batir da fitilu masu kyau sun fi fentin bango amfani nesa ba kusa ba. A buɗe daga la'asar zuwa bayan lisha, a buɗe ranakun da babu lakwal, a ƙara lokaci a watannin da jarrabawa ta ƙarato.

Sai mai kula da wurin. Ɗakin karatun da ba shi da mutum ɗaya mai albashi, wanda ya san abin da ke kan kowace kanta, yana rubuta aro da mayarwa, yana iya ce wa yaro ga wanda ya dace da kai, to ɗakin ajiya ne kawai. Aikin sa kai yana da kyau, amma mai sa kai yana da gona da iyali, ranar shuka ba za a gan shi ba.

Sai mata. A ware musu lokaci ko ɓangare, da makewayi nasu, da mace mai kula da su, da inda mai goyo za ta zauna. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, cikin jahar Tawa ta yau, ya yi suka mai zafi ga malaman da ke barin matansu da ƴaƴansu cikin jahilci. Ƴarsa Nana Asma'u ta tsara ƴan taru, tana naɗa jajis suna kai karatu ga matan ƙauyuka. Muna da abin koyi a gida.

Sai kundayen da ke gidajenmu. Sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH a Jami'ar Abdu Mumuni yana riƙe da kundaye wajen 4,000, tarin da marigayi Bubu Hama ya fara. Amma akwai wasu masu yawa cikin gafaka da akwatuna a gidajen malamai a Agadas da Abalak da Say da Damagaram, gara da ruwa suna rage su kowace shekara. Ɗakin karatun gari ba sai ya karɓe su daga masu su ba. Ya isa ya taimaka a lissafa su, a ɗauki hotonsu, a koya wa magada yadda ake adana takarda.

Masu cewa ba yanzu ba

Wasu za su ce ai zamanin waya ne, komai yana intanet. Gaskiya ne waya ta kawo sauƙi, kuma ɗakin karatu na yau ya kamata ya samu kwamfuta da wurin cajin waya. Amma waya ba ta ba yaro wurin zama mai shiru, ba ta ba shi fitila, kuɗin intanet ba kowane gida ke iya ɗauka ba, kuma ba ta rarrabe masa ingantacce da ƙarya. Mun ga yadda guntun bidiyo ke mai da yaro mufti cikin dare ɗaya. Wanda ya saba zama da littafi daga farko zuwa ƙarshe ya fi wuyar ruɗuwa.

Wasu kuma za su ce ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, wa ke ta littafi? Ba mu raina wannan ba, jahar Tawa kanta ta ɗanɗana hare-hare. Sai dai mu tuna cewa bayan yaƙin Badar, Musulmi suna cikin ƙunci da barazana, amma aka karɓi koyar da yaran Madina rubutu a matsayin fansar wasu fursunoni. Matashin da ba shi da karatu, ba shi da sana'a, ba shi da inda zai je bayan la'asar, shi masu ɗaukar makami suka fi nema.

Abin da jama'a suka mallaka shi suke karewa

Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, a zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) da wata jaridar Faransa ta buga, an cinna wa cibiyar CCFN ta Damagaram wuta, an ƙona majami'u, an rasa rayuka. Babu Musulmin da bai ji zafin wancan ɓatanci ba. Amma masu zanen ba su rasa komai a wutar ba. Ƴaƴan Damagaram ne suka rasa wurin karatu, maƙwabtanmu Kirista da ba su da hannu suka rasa wuraren ibada. Ɗakin karatun da jama'a ke kallo a matsayin na baƙo, ranar fitina ba shi da mai tsaya masa.

A gwada da Tumbuktu. Cibiyar Ahmad Baba tana da sabon gini na zamani da Afirka ta Kudu ta gina aka buɗe a 2009, amma hakan bai hana ƴan bindiga ƙona ko kwashe kundaye wajen 4,000 a Janairun 2013 ba. Mafi yawan kundayen birnin sun tsira ne saboda iyalai da masu kula da ɗakunan karatu sun zuba su cikin akwatuna, sun fitar da su a ɓoye ta mota da jirgin ruwa zuwa Bamako, suna sa ransu cikin haɗari. Sun yi haka ne don sun san nasu ne.

Mallaka kuwa tana farawa daga aljihu. Hukuma tana da nata haƙƙi: fili, albashin ma'aikaci, littattafan manhaja, da sassauta haraji kan takarda da littafi. Mu riƙa tuna mata. Amma muna da hanyar da kakanninmu suka riƙe makarantu da rijiyoyi da ita, wato wakafi. Shago biyu ko uku da za a gina a jikin katanga, a rubuta a gaban shaidu cewa hayarsu ta ɗakin karatu ce, za su biya mai kula da wurin, su sayi batir, su yi yaɓe kowace shekara. Attajirin da ke shirin gina masallaci na huɗu a layin da uku ba su cika ba, ya duba wannan ƙofa. Sanannen hadisin da Muslim ya ruwaito ya lissafa sadaka mai gudana da ilimi mai amfani cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, ɗakin karatu kuwa ya haɗa biyun.

Daga ina za mu fara?

Kwamitin kowane masallacin Juma'a ya tura mutum uku su je su duba ɗakin karatun da ya fi kusa da su: yana buɗewa, ƙarfe nawa, me ke ciki, ina yake yoyo, wa ke da makullin. Su zauna da ɗalibai, su zauna da mata a wani zama dabam, su rubuta abin da aka ce ana buƙata kafin a yi maganar bulo. Su kai wa hukumar gari takardar, tare da abin da jama'a suka yarda za su ɗauka. Ɗaliban jami'a da na lise da ke dawowa hutu su ɗauki aikin lissafa littattafai da koyar da ƙanne. Limamai su ware huɗuba guda kan haƙƙin littafin aro, domin amana ce kamar kowace amana. Wanda ke da littattafai jibge a ɗaki ba mai buɗe su, ya fito da su. Da yayyafi kogi ke cika.

Dandaji ba ta fi garuruwanmu arziki ko yawan jama'a ba. Mutanenta sun yarda a zauna a yi shawara, sun riƙe abin da magabata suka gina, sun ajiye littafi kusa da wurin sallah. Sauran aikin, na cika kantoci da kunna fitila da biyan mai kula, yana kan kowane gari da kansa.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya shiryi zuriyarmu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya saka wa duk wanda ya taimaki karatu da mafificin alheri. Amin.